Daga Faru zuwa Ɗagel: Yadda Jama'ar Shehu Ta Kafu

A Ingila, maziyarta kan je Fountains Abbey, gidan ibadar Kiristoci da aka kafa a 1132 aka rufe a 1539, su zaga ginin dutse da lambunan da ke kewaye da shi. Mai zuwa Ɗagel a ƙasar Gwadabawa kuwa, kufai zai tarar da kaburbura, ciki har da na mahaifin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da laka da ciyawa aka gina makarantar Shehu, damina ta daɗe da cinye ta.

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya tashi a Ɗagel, ya fara wa'azi yana da shekara 20. Amma a ganina, a Zamfara ne almajiransa suka zama Jama'a. Shekara 5 ya yi a can, Faru na cikin mazaunansa, yana karantar da manoma da makiyaya tauhidi da tsarki da salla, cikin Hausa da Fulatanci. Mata ma suna zuwa sauraro. Wani malami, Mustafa Goni, ya soki haɗuwar maza da mata a majalisin, sai Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa a waƙe. Hujjarsu ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A gidan Shehun nan ne daga baya aka haifi 'yarsa Nana Asma'u.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami don sallar layya, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Daga ranar Jama'a ta sami izinin sarki da kuma yardar talaka, abin da dukiya ba ta isa ta saya mata ba. Yau Faru da Magami suna haɗe a sunan mazaɓa ɗaya ta Maradun, kuma yana damuna yadda littattafan makaranta ke tsallake su.

Da Shehu ya koma Ɗagel, ƙauyen ya cika da ɗalibai da masu kwafar littattafai daga nesa. Yawan nan ne ya tsorata fadar Gobir da ke Alƙalawa. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Sarki Yunfa, bayan harin da aka kai wa magoya bayan Shehu a Gimbana, zama ya gagara. A Fabrairun 1804 Jama'a ta ɗaure littattafanta ta yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi.