Akwatin Jimmy: Gungun Masu Shigar Burtu a Finafinai Biyu na 1966

A shekarar 1966 an fitar da finafinai biyu masu jigo kusan ɗaya, ɗaya a Amurka, ɗaya a Nijar. Kowannensu labarin gungun ɓata-gari ne da suka yi shigar burtu suka hana jama'a sakat. Inda suka rabu shi ne wajen wanda aka ɗora wa nauyin yin maganinsu.

Na Amurka shi ne Batman, wanda Adam West ya fito a matsayin jarumi. Batman, wato mutum-jemage, Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙirƙiro shi a 1939 cikin mujallar zane mai suna Detective Comics. Da rana attajiri ne, da dare kuma ya rufe fuska ya shiga farautar miyagu a birnin Gotham. Ba ya tashi sama, ba shi da laya ko guru. Abin dogaronsa bincike ne da dukiya da na'urori. A fim ɗin 1966 manyan abokan gabansa huɗu, Joker da Penguin da Riddler da Catwoman, kowa da irin shigarsa, suka haɗa kai suka mai da wakilan wata majalisar duniya gari kamar na tuwo. Batman da yaronsa Robin suka bi sawu har suka ƙwato su. Mai rufaffiyar fuska ya yi maganin masu rufaffiyar fuska, ƴan gari kuwa nasu kallo.

Na Nijar shi ne Le Retour d'un aventurier, na Moustapha Alassane, wanda bai wuce rabin awa da ƴan mintoci ba. Wani saurayi, Jimmy, ya komo ƙauyensu daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi: malafa, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa. Suna sa kayan sai suka yar da sunayen yanka, wannan ya zama Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar cikinsu kuma Reine Christine. Daga nan sai hawan dawaki, da faɗa a mashaya, da kwasar dukiyar mutane, har ran dattawa ya ɓaci. Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim, shi ne Black Cooper; Zalika Souley ita ce Reine Christine.

Alassane bai ƙago wannan ɗabi'a da ka ba. Tun 1958 Jean Rouch ya nuna a Moi, un noir yadda ƴan ci-rani na Nijar a unguwar Treichville ta Abijan suke aron sunayen taurarin silima: Oumarou Ganda yana amsa Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine, ɗan wasan da ya shahara da fitowa a matsayin ɗan sandan ciki Lemmy Caution. Ƙetaren iyaka ma, daga 1968 zuwa 1972, mujallar hotuna African Film ta kamfanin Drum ta cika kasuwannin Nijeriya da labarin Lance Spearman, baƙar fata mai bincike, ɗan kwat da malafa, da abokin gabansa Rabon Zollo. Wato samari sun san jarumi mai bincike sarai. Duk da haka Alassane bai kawo irinsa ƙauyen Jimmy ba.

Ba rashin kuɗi ne kawai ya sa haka ba, ko da yake rashin kuɗin akwai shi. A ƙauye babu abin da za a bincika. Kowa ya san Black Cooper ɗan wane ne, ya san ɗakin da aka yanke masa cibi. Miyagun Gotham ba su da dangi a cikin fim. Na Alassane ƴaƴan gida ne, kuma duk wanda zai ɗaga musu hannu ɗan wani maƙwabcinsa zai taɓa. Shi ya sa fim ɗin, duk da barkwancinsa, ya fi na Amurka nauyi.

Mutumin Tajaye, a cikin gundumar Illela, zai fahimci wannan ba tare da dogon bayani ba. A ƙasar da Hausawa da Abzinawa suke zaune tare, rufe baki da amawali alamar kunya ce da girma. Ba ya ɓoye mutum, don ana gane shi ta naɗinsa, ta tafiyarsa, ta raƙuminsa. Haka dogarin sarki, jar rigarsa shela take yi cewa ga wanda ya aiko shi. Mai bin sawu kuwa, wanda ake kira in an kore shanu da dare, shi ne ainihin ɗan binciken karkara: yana karanta kofato da karyewar kara, amma ana karɓar shaidarsa ne saboda an san shi an san ubansa. Jarumin da ba a san sunansa ba, a irin wannan wuri, tuhumarsa za a fara yi.

Zalika Souley ta ɗanɗana wani gefen wannan al'amari. Masu kallo da yawa ba su raba tufafin wasa da mai sanye da su ba, suka ɗauke ta fitsararriya kamar matan da take kwaikwayo. Rahmatou Keïta ta ba da labarin abin da hakan ya jawo mata a fim ɗinta Al'lèèssi. Zalika ta rasu a 2021.

Shi Alassane ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, yana riƙe da otal, yana ci gaba da aikin zane mai motsi, ya kuma rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A shekarun da suka biyo baya, ƙauyukan kan iyakar Ƙonni da Sakkwato sun san wasu gungun na gaske, masu zuwa da rawani rufe da fuska, wani lokaci da kakin soja na aro. Ɗalibin Malbaza ko Tajaye da malaminsa zai nuna wa fim ɗin yau, zai yi dariyar malafa da sunayen Turawa, amma wurin da mahaya suka faɗa wa ƙauye ba zai ba shi dariya ba. Dawakin ne kawai zai ga sun koma babura.