AGUSTIN NA HIPPO: MUTUMIN DA YA NEMI KANSA

A bikin cika shekara 50 mukan ƙidaya gine-gine da fastocin da suka yi hidima, kuma hakan daidai ne. Amma bisa ga Littafin Firistoci sura 25, shekarar Jubili shekara ce da kowa yake komawa gidansu. Don haka na ga ya dace in tuna mana da wani ɗan Afirka wanda ya daɗe a hanya kafin ya koma.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce, mahaifinsa kuwa sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma. Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai. Aka tura shi karatu Kartaj, inda ya zauna da mace ba aure har suka haifi ɗa. Shekara 9 ya yi yana bin koyarwar Mani, bai sami hutu ba. Ya tafi Roma a 383, daga nan Milan, ya zama babban malamin iya magana. Suna ya samu, kuɗi ya samu, zuciya kuwa tana nan a rikice. Monika dai ba ta fasa addu'a da hawaye ba.

A Milan ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, da farko don ya auna gwanintar bakinsa kawai. A 386, yana kuka cikin wani lambu, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. An yi masa baftisma a Ista ta 387, tare da ɗansa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ya rubuta littafinsa mai suna Confessions, wajen 397 zuwa 400. A lokacin ya riga ya zama Bishop na Hippo, mutane suna girmama shi. Duk da haka ya tona har satar 'ya'yan itacen maƙwabci da ya yi yana ɗan shekara 16, waɗanda suka zubar wa aladu. Ba yunwa ta sa shi ba. Muguntar ce ta yi masa daɗi. Mu shugabanni, wa zai iya rubuta irin wannan ga ekklisiyarsa? Ya gane cewa ya yi ta neman Allah a waje, alhali Allah ya fi kusa da shi fiye da yadda yake kusa da kansa, kuma bai san ko shi wane ne ba sai da ya tsaya a gabansa.

A 430, mayaƙan Bandal sun kewaye Hippo, shi kuma yana kwance ba lafiya. Ya sa aka rubuta masa Zaburan tuba na Dawuda, aka manna a bango kusa da gadonsa. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa kada kowa ya shigo sai mai magani da mai kawo abinci. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75.