Asalin Shigar Hausawa Kurmin Goro

Mutanen da sukan ce goron Gwanja, amma ƙasar Gwanja ba ta fid da goro. Fili ce mai ciyawa da kaɗanya da ɗorawa kamar tamu. Itacen goro kuwa sai can kudu, cikin kurmin ƙasar Asante, inda ruwa ba ya yankewa, duwatsu sun lulluɓe da duhun itace, rana ba ta cika taɓa ƙasa ba.

To, a zamanin da, sarakunan Tonawa, wato Asante, ba su yarda baƙon arewa ya shiga kurmin nan ba. Mutanensu ne ke ɗauko goro a ka su kawo kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune. Nan fatake ke tsayawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso daga ƙasar Kano da Katsina bayan damina, madugu na jan ayari, jakai ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su sauka Yendi wajen Dagwamba, sannan Salaga, garin rijiyoyi. Tafiyar wata da watanni ce. A wannan kasuwa har bayi aka sayar, ba kaɗan ba, kuma abin baƙin ciki ne da bai kamata a ɓoye shi ba.

Goro kaya ne mai son lele. A jera shi cikin huhu, a shimfiɗa masa ɗanyen ganye sama da ƙasa, a ɗaure tam. Duk bayan 'yan kwanaki sai a kwance a zango, a yayyafa ruwa, a bi shi ɗaya-ɗaya da hannu a tsince mai sankara, don guda ɗaya na iya lalata huhu duka.

Ana nan, a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante ya karye a arewa, goro ya fara ƙaranci a Salaga, kasuwa ta karkata Kintampo. A 1892 kuma basasa ta tashi kan sarautar Kpembe, Salaga ta watse. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano, yana cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934.

Da Turawa suka gama kama Asante a 1901, ƙofar kurmi ta buɗe. Bafatake ya daina jira a baki, ya bi goro har gindin uwarsa. Ya hau tudun Mampong da duwatsun Kwahu, ya sauka ƙananan garuruwan manoma masu ayaba da gwaza da koko, ya roƙi sarkin gari fili a gefe. Ya kafa rumfa, ya kewaye wurin salla, ya yi aure. Masu koro shanu daga wajen Bawku suka riƙa sauka wurinsa. Haka zango ya tsiro a gari bayan gari.

Goron kuma ya sake hanya. Aka riƙa kai shi bakin teku, jirgin ruwa ya kai Ikko, jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka bi wannan sabuwar hanya tun da wuri.