Asalin Tashar Jirgin Ruwa ta Akasa

A shekarar 1837 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, ribaɗin da ya kafa da kansa. A wannan shekara kuma Sarauniya Biktoriya ta hau gadon Ingila. A lokacin, hajar Turai ta Sahara take zuwa ƙasar Hausa a bayan raƙuma, kirgi da fata kuma su bi ayari su yi arewa.

To, da Turawa suka gane Kogin Kwara a teku yake zuba, sai suka ɗaura niyyar juyo da ciniki ta ruwa. Amma kogin yakan rabu rassa da yawa kafin ya isa teku, kuma manyan jirage ba sa iya hawansa. Dole a sami wurin da jirgin teku zai sauke kaya, ƙananan jiragen kogi su ɗauka. Aka zaɓi Akasa, a bakin reshen da ake kira Nun, cikin Jihar Bayelsa ta yau. Ƙasa ce ta laka da sauro, duk da haka kamfanin da George Goldie ya haɗa a 1879 ya mai da ita babbar tasharsa. Aka yi wurin tsayawar jirage, da ɗakunan ajiya, da maƙerar gyaran inji. Manja da man kaɗe da hauren giwa suka riƙa taruwa a nan.

Tasha ba ta da amfani in babu ƙasar da za ta ciyar da ita. Saboda haka a 1885 kamfanin ya aiko Joseph Thomson har Wurno, wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Aka rubuta takarda cewa kamfanin zai riƙa ba Sarkin Musulmi kaya na kimar buhu 3,000 na wuri kowace shekara. A ganin fadar Sakkwato, izinin ciniki aka ba baƙi, su kuma suna kawo gaisuwa. A Landan kuwa sai aka nuna takardar a matsayin shaidar mallakar ƙasa. A 1886 kamfanin ya sami lasisin sarauta, ya zama Royal Niger Company, ya kuma tilasta wa jiragen da ke shiga kogin su tsaya Akasa su biya fito.

Wannan fito ya karya mutanen Nembe, waɗanda ciniki a kogin ne abincinsu tun kakanni. A watan Janairun 1895 sarkinsu Koko ya zo da kwalekwalen yaƙi ya fasa tashar. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin, a watan Maris na 1903 kuma sojojinta ƙarƙashin Lugga suka ci Sakkwato.

Ya kamata ɗan Wurno da na Rabah da na Goronyo su san wannan labari, domin takardar da ta ba wannan tasha ƙarfi a ƙasarsu aka sa mata hannu. Ka ji asalin tashar Akasa.