Iskar da ke cikin akwati: yadda aka koyi lissafin girman gidan lasifika

A shekarar 1925 ne injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana irin lasifikar da ake amfani da ita har yau, wato waya naɗaɗɗiya a cikin maganaɗisu tana tura faranti mai siffar mazurari gaba da baya. Tun daga lokacin wata matsala ta bayyana. Idan farantin ya tura iska a gabansa, yana janye ta ne a bayansa. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, zangonsa dogo ne ƙwarai: na hertz 40 ya wuce mita takwas. Don haka iskar gaba takan kewaya ta gefe ta cike gurbin ta baya, sai amon ya ɓace. Maganin shi ne a raba gaba da baya da katako, kuma daga nan akwati ya samo asali.

Amma wane girma ya dace? Shekaru da dama amsar ba ta wuce gwaji da kintace ba. Iskar da aka kulle a akwati tana turjiya kamar sifirin, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwatin, gwargwadon taurinta. A 1930 Albert Thuras na Bell Labs ya nemi rajistar akwati mai kafa, wanda ke fito da sautin baya ya taimaki na gaba. Duk da haka, mai son sauti mai zurfi a farkon shekarun 1950 sai ya yarda da akwati mai girman kabad a falonsa.

Wanda ya juya tunanin ba injiniya ba ne a karatunsa. Edgar Villchur tarihin zane-zane ya karanta, yana kuma koyar da darasin sauti da yamma a New York. Ya lura cewa taurin iska ba abin gudu ba ne. Idan aka sassauta abin da ke riƙe farantin sosai, aka rufe shi a ƙaramin akwati marar kafa, iskar ce za ta riƙa mayar da shi mazauninsa, kuma ta fi takarda ko ƙyalle yin hakan daidai. A 1954 shi da ɗalibinsa Henry Kloss suka kafa Acoustic Research, suka fitar da AR-1, wadda za a iya ɗorawa a kan kanta. Daga nan iskar cikin akwati ta zama ɓangaren na'urar, wanda dole a auna shi.

Ƙa'idar awon ta zo daga Ostireliya. A 1961 Neville Thiele ya wallafa maƙalar da ta nuna cewa lasifika a cikin akwati tana aiki kamar matatar lantarki da ke tare ƙananan zangunan sauti, saboda haka lissafin da injiniyoyi suka riga suka sani zai yi aiki a kanta. Maƙalar ta yi shekara goma ba ta yi nisa ba, sai da mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta Amurka ta sake buga ta a 1971. Richard Small, Ba'amurke da ke Jami'ar Sidni, ya faɗaɗa aikin a jerin maƙalu daga 1972. Sunayensu biyu ne ke kan alkaluman da kamfanoni ke bugawa yau tare da kowace lasifikar kirki.

Uku daga cikinsu su ne ginshiƙi. Fs shi ne zangon da farantin ke karkarwa da kansa a sarari. Qts na nuna yadda karkarwar ke saurin lafawa. Vas kuwa adadin iska ne, a lita, wanda taurinsa ya yi daidai da na abin riƙon farantin. A rufaffen akwati, sai a zaɓi Qtc, wato halin da ake son lasifikar ta nuna bayan an rufe ta, 0.707 ne ke ba da sauti mafi daidaito. A raba Qtc da Qts, a ninka sakamakon da kansa, a cire ɗaya, sannan a raba Vas da abin da ya rage. Lasifika mai Vas lita 60 da Qts 0.4 za ta buƙaci kimanin lita 28, wato kusan ƙafa ɗaya ta kowace fuska.

A wajen kafinta ne kuskure ya fi aukuwa, domin lita 28 ɗin na iskar ciki ce zalla. Akwati mai santimita 40 da 35 da 30 daga waje lita 42 ne. Idan kaurin katakon santimita 1.8 ne, za a cire 3.6 daga kowane awo, a sami 36.4 da 31.4 da 26.4, wato kimanin lita 30. Maganaɗisu da katakan ƙarfafawa na ciki za su iya cin lita biyu, sai a dawo 28. Wanda ya yi lissafi da awon waje ya yi kuskuren kashi hamsin cikin ɗari.

Sakamakon kuskuren kunne na jin sa. Akwatin da ya yi ƙaranci yakan yi ruri a zango ɗaya, ya rasa zurfi. Wanda ya yi girma fiye da kima yakan bar farantin ba isasshen riƙo, har ya wuce iyakarsa idan an ƙara wuta. Akwai kuma iyakar da lissafi bai kawar ba, wadda ake danganta wa Josef Anton Hofmann, abokin aikin Kloss: ƙaramin akwati, sauti mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai ake samu daga cikin ukun. Abin da Thiele da Small suka ba maƙeri shi ne damar sanin wanda zai sadaukar tun kafin zarto ya taɓa katako.