Turawa ta ina suka shigo? Tambayar 'yata ta hana ni barci

Jama'a, daren jiya 'yata 'yar aji biyar ta kawo mini aikin gida na Tarihi. Ai kun san an dawo da darasin makarantu bayan shekarun da aka yi an jingine shi. Ta haddace sunan Lugga, ta haddace 1914. Sai ta ce, "Baba, to Turawan nan ta ina suka shigo ƙasarmu? Ta Legas?" Na ce mata ta Bebeji. Ta yi dariya, a zatonta wasa nake. Bebejin nan dai maƙwabciyarmu da muke zuwa biki.

Wallahi ba wasa ba ne. Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu. Dalilin da suka kafa shi ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, Sarkin garin ya ƙi buɗe ƙofa. Suka saita igwa suka fasa ƙofar, harsashin ya kashe shi da wasu mutanensa a nan take. Bayan kwana biyu, 3 ga wata, Kano ta faɗi. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin, Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya mutu yana kare fada. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Lugga ya naɗa Abbas, Alu kuwa aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Duk wannan a ƙofar gidanmu ya faru, amma yaron Rano ko Kibiya zai gama firamare bai taɓa ji ba. A Amurka ƙaramin yaro ya san Turawan Ingila sun kafa Jamestown a 1607, sun sauka Plymouth a 1620, kuma yau malamansu na ta muhawara kan yadda za a faɗa wa yara abin da ya sami 'yan asalin ƙasar, waɗanda cuta da yaƙi da ƙwacen gona suka cinye. Mu namu ya bambanta, kuma ya kamata yaro ya gane bambancin. A can zama suka je yi, suka ture masu ƙasa. A nan mulki da haraji suka zo nema, Turawan ba su da yawa, shi ya sa suka bar sarauta a tsaye suka hau kanta.

To ga inda nake da magana da 'yan'uwana malamai. In za mu koyar, mu koyar da shi duka, har wurin da ba daɗi. Sojojin da suka fasa Bebeji, Turawan cikinsu ba su kai arba'in ba. Sauran baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji kamar ni da kai. Yaro ya san wannan. Ya kuma san cewa ba kowa ne ya yi kukan zuwan Nasara ba. Kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa shekara da shekaru, manomi na noma yana waiwaye, ga Basasar 1893 da ba a gama warkewa daga ita ba. Ga bayi a rumada, waɗanda dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Ka ce wa jikan wannan bawan zuwan Bature musiba ce zalla? Ka ce wa jikan wanda igwa ta kashe a Bebeji alheri ne? Dukansu suna zaune a aji ɗaya, benci ɗaya ma wataƙila.

Sannan abin da ya biyo baya shi ya fi shafar talaka. Wajen 1908 aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa. Haraji ya koma na tsabar kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin harajin. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda tun bayan jihadi take ƙarƙashin Kano, ta zauna a matsayin gunduma. Rigimar masarautu da muka kwana muna yi a nan Facebook daga 2019 zuwa 2024, a ba Rano sarki mai daraja ta ɗaya, a rushe, a dawo da ita mai daraja ta biyu da Kibiya da Bunkure, wannan rabon sarakuna daraja-daraja ma gadon Bature ne. Da yawanmu mun yi ta zage-zage ba mu san tushen ba.

Ni dai na yi wa yarinyar alkawari, Asabar in Allah ya kai mu zan kai ta Bebeji mu nemi dattijon da zai nuna mana inda ƙofar take. Ta ce za ta tafi da littafinta ta rubuta, don Malama ba za ta yarda ba in ba ta gani a rubuce ba.