FTO da Gadon Ƙiba

FTO suna ne na wata ƙwayar gado da ke cikin kuromosom na 16 a jikin ɗan Adam, wadda ma'abota ilmin halitta suka tabbatar cewa wani sauyi da ke aukuwa a cikinta yana daga cikin sabubban ƙiba. A shekarar 2007 ne waɗansu malaman jami'o'in Exeter da Oksfod a Ingila, alhali suna bin diddigin asalin ciwon sukari, suka tarar cewa wanda ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka, galibi yakan ɗara wanda bai gada ba nauyi da misalin kilo 3, kuma kusan mutum ɗaya cikin shida na Turawa haka ya gaje shi.

Tasirin wannan sauyi, gwargwadon abin da bincike ya nuna, yana ga sha'awar abinci, domin mai shi ba ya saurin ƙoshi, har yakan ci gaba da kai loma bayan abokan cinsa sun tsame hannu daga akushi. Amma fa wannan ba yankakken hukunci ba ne, gama wani babban nazari da aka buga a 2011 ya bayyana cewa motsa jiki yana rage haɗarin ƙiba da sauyin ke jawowa da misalin kashi 27 cikin ɗari.

Lamarin FTO ya saɓa da na illar wata ƙwayar gado mai suna MC4R, da na rashin sinadarin leptin, rashin da aka fara ganowa a jikin ɗan Adam a Kambirij a 1997, waɗanda nadiran ake samunsu, sai dai sukan haddasa ƙiba mai tsanani tun daga ƙuruciya.